Lagdo, Garin da Ruwa Ya Tara

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka. Iyayena malamai, Allah ya gafarta muku. Iyaye mata da ke can baya, in murya ba ta iso ku ba a ɗaga hannu, yara su gyara lasifika. Ƙannena matasa da kuka shirya wannan zama, Allah ya saka muku da alheri.

An nemi in yi magana a kan ƙasa da jama'a da zaman yau da kullum na ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin karkararmu ta nan arewacin Kamaru. Na zaɓi Lagdo, domin da wuya a sami gida a cikin waɗanda suka hallara nan wanda ba ya cin arzikin Lagdo. Wutar da ke kunne a kanmu yanzu daga can take. Bandar da aka jefa a miyar jiya wataƙila daga can take. Wani ƙaninsa na can yana su, wata 'yarta na can tana aure. Amma in ka tambayi yawancinmu yadda wurin yake, mutum nawa ne a ciki, wa ke riƙe da ƙasar, me ke damun ruwan, sai ka ji shiru.

Mu fara da inda wurin yake. In ka tashi daga Garwa ka miƙi hanyar Ngaundare, wajajen Ngong za ka ga hanya ta ratse hagu ta nufi gabas. Ita ce za ta kai ka. In an ja layi a taswira, tsakanin Garwa da Lagdo kilomita 40 ne da 'yan kai, amma a mota ya fi haka. Ƙaramar hukumar tana cikin gundumar Binuwai, a jihar Arewa. Shi kuwa kogin Binuwai, daga tudun Adamawa yake tasowa, arewa da Ngaundare, ya gangaro ta gefen gandun dajin da aka sa wa sunansa, ya karkata ya wuce Garwa, ya shiga Najeriya ta wajen Yola, ya bi Numan da Makurɗi, har ya haɗu da Kwara a Lakwaja. Tsawonsa kimanin kilomita 1,400. A daidai Lagdo kogin ya zo ya matse tsakanin duwatsu, ya zama ƙunci. Wannan ƙuncin shi ne asalin duk labarin da zan ba ku yau, domin mai neman tare kogi irin wannan wurin yake nema.

Damina a can tana kamawa daga Mayu zuwa Oktoba, ruwan sama kuma yakan kai milimita 1,000 a shekara, ko ya ɗan gaza ko ya ɗan ɗara. Zafin Maris da Afrilu ba sai na faɗa muku ba, yakan haura awo 40. Ƙasar iri biyu ce in an taƙaita. Akwai jigawa a tudu, inda ake masara da gyaɗa da auduga da dawa. Akwai kuma baƙar laka ta fadama, wadda Fulani ke kira karal, mai riƙe ruwa har tsakiyar rani. Ku riƙe wannan ta biyun a ranku, zan dawo kanta.

An fara ginin madatsar ruwan Lagdo, wato dam, a shekarar 1977, zamanin Shugaba Ahmadu Ahijo, aka gama a 1982. Mutanen ƙasar Sin ne suka yi aikin. Tsawon bangon mita 308, tsayinsa mita 40. Ba wani dogon bango ba ne in ka kwatanta shi da abin da ya tare. Tafkin da ya taru a bayansa ya rufe ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 586, ya malala har cikin ƙasar Bibemi da ta Rai Buba, kuma an tsara shi ya ɗauki ruwa kimanin kubik mita biliyan 7.7. Injuna huɗu aka kafa, kowanne megawat 18, jimla 72. Shekaru da yawa wannan tashar ce ƙashin bayan wutar Garwa da Marwa da Ngaundare gaba ɗaya. Manufa ta biyu ita ce noman rani, an yi zancen shayar da hekta 15,000 a ƙasan madatsar. Abin da aka gyara a zahiri, a Gunugu da Uro Dukuje, bai wuce kusan hekta 1,000 ba, kuma haka aka zauna shekara da shekaru. Sai a 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 don aikin da ake kira VIVA Bénoué, na gyara tsofaffin magudanan ruwan da buɗe sababbin filaye.

Yanzu in koma kan baƙar lakar nan, saboda yaran yanzu suna jin amfanin dam, ba sa jin abin da ya ci. Kafin a tare kogin, kowace damina Binuwai yakan cika ya tumbatsa, ya kwanta a kan fadamun da ke tsakanin Lagdo da Garwa. In ya janye sai ya bar laka jiƙe, ya bar taki. A nan ake masakwa. Wanda bai taɓa gani ba ya saurara. Tun cikin Agusta manomi ya yafa iri a wani ɗan fili ya yi reno. In ruwa ya ja baya, wajen Oktoba, sai a sassabe ciyawar karal a ƙone. Sannan mutum ɗaya ya ɗauki wani ƙaton sanda mai tsini, mai nauyi, ya ɗaga da hannu biyu ya caka a ƙasa, ya yi rami, ya taka gaba ya sake cakawa. Na bayansa yana zuba ɗan ruwa a ramin, na bayan wannan yana saka dashe biyu da aka datse wa ganye da saiwa. Shi ke nan. Daga ranar ba ɗigon ruwan sama ko ɗaya, damshin da lakar ta riƙe da sanyin hunturu su ne za su kai dawar nan har girbi a Janairu ko Fabrairu. Wato a lokacin da rumbun damina ya fara sauka, sai ga sabon hatsi. Da aka rufe kogin, ambaliyar shekara-shekara ta daina zuwa yadda ta saba, filayen masakwa masu yawa suka mutu. Mutanen da suka yi wannan asara ba a cika ambatonsu ba, haka ma waɗanda ƙauyukansu da kaburburan iyayensu suke ƙarƙashin tafkin yau. Ina ganin wajibi ne duk mai magana a kan Lagdo ya ambace su.

To su wane ne mutanen Lagdo? Ƙasar ba kango ba ce tun asali. Akwai ƙabilun da suka riga kowa zama a kwarin Binuwai, irin su Bata da Fali. Fulani suka kafa sarautunsu bayan Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a farkon ƙarni na 19, kuma tun a wancan zamani fataken Hausawa ke ratsa ƙasar. Amma jama'a ba su da yawa, daji ya fi mutane. Abu biyu suka cika wurin. Na farko, daga shekarun 1970 gwamnati ta shiga kwaso manoma daga jihar Arewa Mai Nisa, inda ƙasa ta yi wa mutane kaɗan kuma fari ya matsa, tana zaunar da su a kwarin Binuwai ƙarƙashin aikin raya arewa maso gabashin Binuwai. Mafa suka sauko daga duwatsun Mandara, Tupuri da Masa da Mundang da Giziga suka zo daga filayensu. Kamfanin auduga na Sodecoton, wanda aka kafa a 1974, ya bi su da iri da taki da bashi. Da hanya ta buɗe kuwa, ba a ƙara jiran motar gwamnati ba, wa ya kira ƙani, ƙani ya kira suruki. Na biyu shi ne tafkin kansa. Ya cika daidai lokacin da Tafkin Cadi ke ƙafewa, farin 1984 ya tarwatsa masunta. Labari ya bazu cewa ga sabon ruwa cike da kifi. Musgum da Kotoko suka taho daga Logon, Larabawan Shuwa da Barebari suka taho, mutanen Cadi da na Mali suka taho, mu ma namu suka taho: Kabawa da Sarkawa da sauran masu sana'ar ruwa, tare da 'yan kasuwar da ba sa rabuwa da su.

A 1993 aka mai da Lagdo ƙaramar hukuma mai cin gashin kanta. Ƙidayar 2005 ta sami mutum kimanin 142,000 a cikinta, amma cikin garin kansa 21,000 ne da 'yan kai. Ku lura da wannan bambanci. A cikin kowane mutum bakwai, shida suna ƙauye ne, ko ruga, ko sansanin masunta a bakin ruwa da tsibirai. Wanda ya je ya ga kwalta da fitilu da gidajen ma'aikatan tasha ya dawo ya ce ya ga Lagdo, bai ga komai ba. Kuma shekaru sun yi ta wucewa ana tsara makaranta da asibiti da rijiya da waɗannan alƙaluma na 2005, alhali yaron da aka haifa a shekarar ya isa aure. Harshen kasuwa Fulatanci ne, na ofis da makaranta Faransanci, a bakin ruwa kuwa Hausa tana da ƙarfi ƙwarai. Masallaci da coci suna kallon juna a ƙauye ɗaya, kuma in an yi la'akari da yawan ƙabilun da aka tara a wuri guda cikin shekara hamsin, zaman lafiyar da ake yi abin a gode wa Allah ne.

Rigimar da ake yi ta ƙasa ce. Dokar 1974 ta ce duk filin da ba shi da takardar mallaka yana cikin dukiyar ƙasa, gwamnati ke kula da shi. A aikace kuwa, baƙo wajen jauro yake zuwa, jauro na ƙarƙashin lawan ko arɗo, su kuma suna ƙarƙashin lamiɗo, kuma manomi yana fitar da wani abu daga amfaninsa kowace kaka. Sai ga mutum ya sare daji da hannunsa, ya yi shekara talatin yana noma, amma bai da tabbacin ɗansa zai gaji gonar. Ga Mbororo da shanunsu, burtalin da suka saba bi zuwa ruwa ya zama gonar auduga. Ga gandun dajin Binuwai, wanda aka mai da gandun ƙasa a 1968, da yankunan farauta da ke kewaye da shi, inda ba noma ba kiwo. Kowa yana matsar kowa, kuma duk matsin nan a kan itatuwa yake ƙarewa.

Bari in kai ku bakin ruwa, tashar Jiporde, da sassafe. Kafin rana ta ɗago jirage sun fara shigowa, wasu da inji, wasu da filafili. Tun jirgi bai taɓa gaɓa ba mata masu sari sun kutsa ruwa har gwiwa, kowace ta ɗora hannu a bakin jirgin da ta saba da shi, alamar nata ne. Ana juye karfasa a daro, ana ware tarwaɗa da ragon ruwa da ƙurungu, in an yi sa'a a fito da giwan ruwa, nan take dillalai su kewaye shi. Ɗanye mai kyau a zuba masa ƙanƙara a yi Garwa da shi kafin rana ta yi zafi. Saura kuwa sai banda. Za ka ga mace zaune a kan kujera 'yar tsugune, wuƙa a hannu, tana farke ciki tana wankewa. Babban kifi ta yanka shi gunduwa-gunduwa, tarwaɗa ta lanƙwasa ta, ta haɗa jela da baki ta soke da tsinke. Ta jera a kan ragar waya bisa murhun laka, ta rufe da tsohon kwano, ta sa ice a ƙasa, ba don ya ci da harshe ba, don ya yi hayaƙi. Tana juyawa, idonta na zubar da hawaye, goyo a bayanta yana shaƙar abin da take shaƙa. Sai kifin ya yi ja ya bushe ya yi ƙara in an ƙwanƙwasa, sannan a shirya shi a kwali a ɗaure, ya kama hanyar Garwa da Ngaundare da Yawunde, wani ya tsallaka Yola da Mubi. Mai lodi ya ci, mai ɗinkin koma ya ci, mai gyaran inji ya ci, mai tuwo-tuwo ta ci. Kuɗin makarantar yara da kayan ɗakin 'yan mata da kujerar Makka, duk daga cikin hayaƙin nan suke fitowa.

Amma duk tsohon masuncin da ka zauna da shi zai gaya maka abu ɗaya: kifin ya ragu, kuma wanda ake kamawa ya ƙanƙance. Ruwa ba ya tsami banza. Sabon tafki dama yakan yi albarka a shekarunsa na farko, saboda ciyawa da itatuwan da ya nutsar suna ruɓewa suna zama abincin kifi, daga baya ya lafa. Wannan daga Allah ne, ba laifin kowa. Sauran kuwa aikin hannunmu ne. Jirage sun yi yawa. Idon koma yana ta ƙanƙancewa, har an kai ga jan taru da gidan sauro, wanda aka raba don kare yara daga zazzaɓi, ana kwashe 'ya'yan kifin da ba su kai tsawon yatsa ba. Hukuma ta sa hutun su na wata uku, daga farkon Yuli zuwa ƙarshen Satumba, lokacin da kifi ke shiga ciyawa yana ƙwai. Dokar daidai take. Kakanninmu masunta ma sun san da ita tun kafin Bature ya zo, sarkin ruwa yakan rufe gurbi ya hana taɓa shi sai ranar da ya buɗe. Amma ana karya ta da dare, kuma kowa ya sani.

A nan nake so iyayena 'yan kasuwa su yi mini haƙuri su saurara, don maganar tamu ce. Me ke fitar da masunci cikin dare a watan Agusta, ga iska, ga dorina, ga tsoron a kama shi a ƙone masa koma? Bashi ne. Jirgin ba nasa ba, injin ba nasa ba, kallin ma ubangidansa ne ya saya masa, da sharaɗin ba zai sayar wa kowa kifi ba sai shi, a farashin da shi ya yanka. In aka rufe ruwa wata uku, cikin iyalinsa ba a rufe shi ba, bashin ma bai tsaya ba. Wanda ke sayen kifin sata da asuba kuma, sau da yawa shi ne wanda ya zauna a sahun gaba ranar da aka yi taron sanar da dokar. Muddin mai kuɗi zai saya, talaka zai kamo. In da manyan dillalai za su haɗa baki su ce daga Yuli zuwa Satumba ba mai karɓar kifi, kuma ba mai bin yaronsa bashi, su ba shi masara ya ci har a buɗe, wallahi da dokar ta zauna ba tare da an kori kowa da jirgin soja ba. Akwai kuma masu yayyafa wa banda maganin ƙwarin auduga don kada ta yi tsutsa. Wannan guba ce ake ba Musulmi da wanda ba Musulmi ba, kuma ina roƙon malamai su ɗauki maganar su kai ta mumbari.

Ɗaya matsalar ba a ganinta da ido, don a ƙarƙashin ruwa take. Duk itacen da aka sare a tudu, don gona ko gawayi ko icen banda, duk ramin da masu haƙar zinariya suka tona a saman kogi, ruwan damina yana wanko ƙasar wurin ya kawo ta tafki. A da kogi yakan wuce da ita ya shimfiɗa a fadama ta zama taki. Yanzu bango ya tare, sai ta kwanta a ciki. Kowace shekara yashi na ƙaruwa, wurin zaman ruwa na raguwa. Shi ya sa tafkin ke saurin cika da damina har a buɗe ƙofofi, ya kuma yi saurin ja da baya da rani har injuna su rasa abin juya su. Ku haɗa da tsufan injunan, waɗanda suka haura shekara arba'in suna aiki, za ku gane dalilin ɗauke wutar da muka sha a 'yan shekarun nan, da dalilin kafa tashoshin hasken rana a Marwa da Gidar. Tela a Garwa da kekensa ya tsaya, da mai saran gawayi a bayan Lagdo, igiya ɗaya ce ta ɗaure su, ko da ba su san juna ba.

Zancen lafiya ba zan daɗe a kai ba, don kun san shi. Ruwan da ba ya gudu gidan sauro ne da tsargiya. A sansanonin masunta yaro yana fitsarin jini ana ganin girma ne ya zo masa, alhali cuta ce mai magani. Mutane na zaune a bakin ruwan da ya kai biliyoyin kubik mita, amma ruwan sha mai tsabta ya gagare su. Mace in naƙuda ta yi gardama a tsibiri, sai an nemo jirgi da mai, kafin a yi maganar asibiti.

To wa zai gyara? Nan ne na zo kan abin da ya fi ci mini rai. Ƙaramar hukuma a ƙasar nan tana da majalisar kansiloli da jama'a ke zaɓa, su kuma su zaɓi magajin gari. Shi daban, superefe daban: superefe naɗa shi ake yi daga sama, yana wakiltar gwamnati. Rijiyar burtsatse, ajin firamare, rumfar kasuwa, ƙaramin asibiti, hanyar karkara, rajistar haihuwa, duk waɗannan a teburin magajin gari da majalisarsa ake yanke su. Kuɗin yana zuwa ne daga tikitin kasuwa da harajin sana'a, da kason da ke biyowa ta FEICOM, wato asusun tallafa wa ƙananan hukumomi, da abin da gwamnati ke turowa. Dokar ƙananan hukumomi ta Disambar 2019 har ta ce kason da za a ware wa wannan tsari kada ya gaza kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnati. Ko ana cikawa ko ba a cikawa, wannan magana ce ta wata rana. Abin da nake nufi shi ne akwai tebur, ana raba abu a kansa, kuma mutanenmu na bakin ruwa suna cikin masu biyan tikiti kowace safiya, amma ba sa wajen rabon.

Dalili kuwa, da yawa daga cikinmu har yau zaman cirani suke yi a zuciyarsu. Mutum ya zo a 1985 da niyyar ya yi rani biyu ya koma. Ga shi ya aurar da 'ya'ya a nan, ya ga jikoki a nan, ya binne matarsa a nan, amma ɗakinsa na zana ne, ribarsa tana can tana gina gidan da ba ya kwana a ciki sai da Sallah. Bai dasa ko darbejiya ɗaya ba. Ɗansa ba shi da takardar haihuwa. Ku kuwa kun san abin da wannan ke jawowa: yaro ya yi shekara shida a firamare, ranar jarrabawar fita a ce ba takarda ba zama. In wa'adin rajista ya wuce, sai an bi ta kotu, da kuɗi da zirga-zirga. Uban ya ga wahala ya ce a bar shi, yaro ya koma jirgi, ya ƙara yawan masu jan taru a ruwan da kifinsa ke ƙarewa. Ya girma ba katin ɗan ƙasa, ba katin zaɓe, kowane shinge a hanya sai ya sauka. Wanda ba a rubuta shi ba, ba a ƙidaya shi, kuma ba a haƙa wa ƙauyensa rijiya.

Ba ina cewa kowa ya yar da asalinsa ba ne. Wanda yake ɗan Najeriya ko Nijar ya riƙe ƙasarsa, ya gyara takardun zamansa, ya zauna da mutunci. Wanda kuwa aka haifi ubansa da kakansa a ƙasar nan, ɗan Kamaru ne kamar kowa, kada ya bari wani ya sa shi jin kunyar neman haƙƙinsa. Ƙannena matasa, ku da kuka yi boko kuna jin Faransanci, ga aikin da nake roƙonku. Watannin nan uku na hutun su, lokacin da masunta ke zaune a gida, ku raba kanku ku shiga sansanoni da littafi da alƙalami. Ku bi ta hannun sarkin ruwa da limamin wurin, kada ku shiga gaban kanku. Ku rubuta yaran da ba su da takarda, ku kai jerin ofishin magajin gari, ku nemi a kawo zaman kotu na tafi-da-gidanka, domin ana yin haka a wurare da dama in an sami masu bibiya. In majalisa za ta zauna kan kasafin kuɗi, ku je ku zauna ku ji, ku dawo ku fassara wa iyayenku da Hausa.

Na ga Alhaji ya ɗaga hannu tun ɗazu. Bismilla, Baba. Ga waɗanda ba su ji ba, Baba yana cewa 'yan'uwansa na Yola kullum suna masa ƙorafi cewa mu ne muke sako musu ruwa, yana tambaya ko gaskiya ne.

Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ke nan ba. Ana buɗe ƙofofin Lagdo in tafki ya cika, kuma dole ne a buɗe, don in ruwa ya haure bangon ya karya shi, abin da zai sami Garwa da Yola ba ya faɗuwa. A 2012 an buɗe, kuma ambaliyar shekarar ta kashe mutum 363 a Najeriya bisa lissafin hukumarsu ta agajin gaggawa, ta raba sama da miliyan 2 da gidajensu. A 2022 waɗanda suka rasu sun haura 600. Allah ya jiƙansu. Mu ma nan a 2012 ruwan bai bar mu ba, ƙauyukan da ke ƙasan madatsar da unguwannin bakin kogi a Garwa sun sha shi tun kafin ya kai iyaka. Amma a duba taswira. Mayo Kebbi yana shiga Binuwai ne a ƙasan Lagdo, Faro ma haka, kuma babu mai ƙofa a cikinsu. In ka shiga Najeriya ga Gongola, ga Taraba, ga Donga, ga Katsina-Ala, kowanne yana juye nasa ruwan daminar. A shekarar da sama ta yi yawa, duka suke cika a lokaci ɗaya. Sannan tun farkon shekarun 1980 ake maganar Najeriya za ta gina tata madatsar a Dasin Hausa, cikin ƙaramar hukumar Fufore, wadda za ta tare abin da ya gangaro, har yau ba a gina ta ba. Ga kuma gidajen da aka yi a kan hanyar ruwa, a can da nan, saboda shekarun da dam ya hana ambaliya sun sa mutane sun manta inda kogi yake kwana. Yanzu gwamnatin Kamaru takan rubuta wa ta Najeriya kafin a buɗe, kamar yadda aka yi a Agustan 2023, sai dai takarda tana daɗewa kafin ta sauko daga ofis ta iso mai gona a bakin kogi. Saboda haka, Baba, in mutanenka na Lagdo suka gaya maka an fara buɗewa, ka ɗauki waya a daren ka kira Yola da Numan, su kwashe yara da hatsi su hau tudu, don ruwan ba a rana ɗaya yake isa can ba.

Sauran tambayoyin a riƙe su sai mun idar da la'asar. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.